Yadda Ake Tara Sulalla da Gane na Jabu a Birnin Kano

A yau da wuya ka miƙa wa mai shayi ko ɗan adaidaita kwandala ya karɓa, duk da cewa kobo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007 halastattun kuɗi ne har gobe. Amma sulalla ba su bar gari ba. Fatake daga Nijar na shigowa Dawanau da Kantin Kwari da sefa a aljihu, 'yan canjin Wapa na juya ta, alhazai na dawowa da riyal, ana biyan sadaki da sisin gwal, a Kasuwar Kurmi kuma ana cinikin liyari, wato babban sulen azurfa na ƙasar Ostiriya, da tsofaffin kuɗin zamanin Turawa. Mai buga jabu ba ya ɓata lokacinsa kan naira 2, domin ƙarfen ma ya fi ta tsada. Inda daraja take nan yake kai hari: azurfa, gwal, sefa 500, da duk tsohon kuɗin da aka ce yana wuyar samu.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. Kuɗin gaske buga shi ake yi: a sa falle na ƙarfe tsakanin hatimai biyu, inji ya danne da ƙarfin gaske. Jabu da yawa kuwa zubi ne: a ɗauki siffar na gaske a yumɓu ko yashi, a narka ƙarfe mai araha a zuba. Kusan duk gwajin da ke tafe neman bambancin bugu da zubi ne, da bambancin ƙarfe da ƙarfe.

Kayan aiki

- Ƙaramin sikelin lantarki irin na 'yan gwal, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01 na giram. Sikelin kicin ba zai yi ba.
- Gilashin ƙara girma mai ninki 10. In babu, kyamarar waya ta wadatar: ɗauki hoto a wuri mai haske, ka buɗa shi.
- Maganaɗisu. Ƙaramin nan mai ƙarfi ya fi, amma na bayan tsohuwar lasifika ma yana aiki.
- Ma'aunin faɗi da kauri irin na masu gyaran inji. In babu, rula da fensir.
- Kofin roba mara nauyi, zaren ɗinki, da ruwa mai tsabta.
- Baƙin ƙyalle mai laushi na shimfiɗawa, ƙananan ambulan na takarda, da littafin rubutu.
- Tocila.

1. Zaɓi layin da za ka bi, ka san sunayensu

Mai farawa yakan so ya kwashi duk abin da ya gani, sai kuɗinsa ya ƙare bai ƙware a komai ba. Ɗauki layi ɗaya tukuna.

Mafi sauƙi shi ne kuɗin naira da kobo da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973: rabin kobo, kobo 1, kobo 5, kobo 10 da kobo 25. Wannan na ƙarshen ya kamata ya shiga hannun kowane Bakano, domin gyaɗa ce a jikinsa, amfanin da aka riƙa jera dalarsa a garin nan. Sai na 1991, lokacin da kobo 50 da naira 1 suka tashi daga takarda suka koma ƙarfe, naira ɗayan da hoton Herbert Macaulay. Sai na 2007, inda naira 1 da naira 2 ke da ƙarfe kala biyu, zobe da ciki. Waɗannan duka suna nan a tsofaffin gwangwanaye da ƙasan adakar iyaye, kuma kusan ba a yi musu jabu. Da su ake koyon ido.

Layi na biyu kuɗin kafin naira ne, waɗanda dattawa ke kira da sunayensu har yau: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka. Anini goma ne kwabo, ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fataka sule biyu. Anini da ɗari da kwabo su ne masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, shi ya sa ba shi da nauyi. Sulen azurfa mai hoton bishiyar kwakwar manja ya fara fitowa a 1913, daga 1920 aka koma yin sa da ƙarfe mai ruwan tagulla. A 1959 aka fitar da na Tarayyar Najeriya, da taro mai kusurwa goma sha biyu.

Layi na uku shi ne mai haɗarin asara: liyari da sisin gwal. Kada ka sa kuɗinka a nan sai hannunka ya saba da matakan da ke ƙasa.

2. Nemi na gaske guda ɗaya ka ajiye don gwadawa

Duk littafi da hoton intanet ba su kai ka riƙe na gaske a hannun dama, wanda ake shakka a hannun hagu ba. Ga kowane irin kuɗi, samo guda ɗaya daga inda babu ko tantama: sefa daga ɗan canjin da ka daɗe da sani, tsohon sule daga kayan gado na gida. Auna shi, ka rubuta nauyinsa da faɗinsa da shekararsa a littafi.

A nan ake yawan yin kuskure: gwada kuɗin shekaru daban. Masu buga kuɗi kan canza ƙarfe ba tare da canza zane ba. Sulen 1915 da na 1940 duk na gaske ne, amma launinsu da ƙararsu ba ɗaya ba. Ka gwada shekara da shekara, ko aƙalla zamani da zamani.

3. Duba da ido, ka fara da gefe

Shimfiɗa baƙin ƙyallen, ka riƙe kuɗin ta gefensa da yatsa biyu. Jama'a kan tsaya kallon fuska, alhali a gefe asirin jabu ya fi tonuwa. Zubi yana buƙatar mazubi mai ɓari biyu, inda suka haɗu kuwa yakan bar siririn layi da ya zagaye gefen. Mai wayo zai goge layin da zarto, sai ya bar ƙananan ƙarce masu tafiya waje ɗaya, ko wani ɗan wuri da ya baje, inda aka yanke bakin zubin. In kuɗin mai zara-zaran gefe ne, zaran na gaske tazararsu ɗaya, zurfinsu ɗaya. Na jabu wasu sun haɗe, wasu sun ɓace.

Liyari na da rubutu a gefensa, haruffa masu tasowa da ado a tsakaninsu. In ka ga gefen sumul, ko haruffan sun narke kamar an rubuta a kan man shanu, ajiye shi.

Sai ka kwantar da kuɗin, ka haska tocila daga gefe, hasken ya bi ta kan fuskar a kwance. Filin da babu zane ya kamata ya zama sumul. A jikin zubi za ka ga 'yan ramuka kamar na ƙyanda, inda kumfar iska ta fashe, da 'yan ƙuraje inda yashin mazubi ya zube. Dubi cikin haruffa masu rufaffen ciki irin A da R da lamba 8: na bugu a buɗe suke tas, na zubi a cike da ƙarfe.

Ka bambanta cinyewa da dushewa. Kuɗin da ya sha hannu, wuraren da suka fi tudu ne ke cinyewa, kamar kunci da gashi da saman kambi, lunguna kuma su zauna da kaifinsu. Zubi ko'ina a dushe yake, tudu da kwari.

4. Auna nauyi, faɗi da kauri

Ɗora sikelin a kan tebur mai daidai, kashe fanka, domin iska na motsa lambar ƙarshe. Auna sau uku.

Ga alƙaluman da ya kamata ka haddace. Liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen milimita 40. Sisin gwal na Ingila giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, rabinsa kuma giram 3.99. Sulen azurfa wajen giram 5.6, fataka wajen 11.3.

Tsohon kuɗi kan ragu kaɗan saboda cinyewa, wannan ba laifi ba ne. Liyari mai giram 27.6 da ya sha wuya abin karɓa ne. Amma mai giram 24 ko 25 da zanensa garau, ina ƙarfen ya tafi? Wanda ya zarce nauyinsa ma abin tuhuma ne, sai dai in an yi masa kunne na rataya, kamar yadda ake yi wa liyarin da mata ke sawa a wuya. Kunnen na ƙara nauyi, yana kuma rage darajarsa wajen masu tarawa.

Dalilin haɗa awo uku shi ne da wuya mai jabu ya iya cin su gaba ɗaya. Tagulla ta fi azurfa sauƙin nauyi, ta fi gwal nesa ba kusa ba. In ya daidaita faɗi da kauri, nauyi zai gaza. In ya cike nauyi, dole kuɗin ya yi kauri. Idan ba ka da ma'auni, jera na gasken da wanda ake shakka a kan gilashi, ka ɗora rula a kansu: mai kauri zai ɗaga ta. Faɗi kuwa, ɗora ɗaya kan ɗaya ka shafa gefen da yatsa.

5. Kawo maganaɗisu

Azurfa, gwal, tagulla da jan ƙarfe ba sa bin maganaɗisu. Duk liyari ko sisin gwal ko sulen da ya manne, magana ta ƙare: baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Sai dai gwajin na da iyaka ta fuska biyu. Rashin mannewa ba shaidar gaskiya ba ce, tunda dalma da tagulla ma ba sa mannewa, kuma da su aka fi yin jabu. Mannewa ma ba kullum take nufin jabu ba. Kuɗin Najeriya na 1973 ba sa mannewa, amma na 1991 suna mannewa domin cikinsu baƙin ƙarfe ne. Sefa 100 ta gaske tana mannewa. Wanda bai san wannan ba sai ya zubar da na kirki.

In maganaɗisunka ƙarami ne mai ƙarfi, karkata liyarin ka sake shi daga sama. A kan azurfa a hankali yake gangarowa kamar ana riƙe shi, a kan dalma kuwa zuruf yake sulluɓewa. Jan ƙarfe ma na riƙe shi kamar azurfa, don haka kada ka tsaya a nan.

6. Saurari ƙararsa

Ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa, ka ɗan buga gefensa da fensir ko wani sulen. Azurfar bugu tana ba da siririyar ƙara mai ja, ta ɗan daɗe kafin ta mutu. Dalma da kuza "ƙwas" suke yi su tsaya. Buga na gwajinka, ka buga wannan, kunne zai raba. Kada ka wurga kuɗi a kan siminti kamar yadda ake yi a kasuwa, domin gefen na lotsewa, lotsa ɗaya kuma na iya karya farashi. Ka sani kuma kuɗin gaske mai tsagewa a ciki, ko wanda aka yi wa walda, shi ma ƙararsa a mace take.

7. Gwajin ruwa

Wannan shi ne gwajin da ya fi kama azurfa da gwal na ƙarya ba tare da an ƙarci kuɗin ba, kuma ya cancanci a yi shi a natse.

Auna kuɗin a bushe, ka rubuta. Zuba ruwa a kofin roba, ka ɗora a sikeli, ka danna ya koma sifili. Ɗaure kuɗin da zare, kullin giciye, ka saukar da shi cikin ruwan har ya nutse duka, ba tare da ya taɓa ƙasan kofin ko gefensa ba. Riƙe zaren tsit har lambar ta tsaya, ka rubuta. Sai ka raba nauyin farko da wannan lambar.

Liyari na gaske, wanda azurfarsa kashi 83 cikin ɗari ce, zai nuna wajen 2.75 a cikin ruwa. Raba 28 da 2.75, ka sami kusan 10.2. Tagulla na ba da wajen 8.5, farin ƙarfen da aka yi kobo 10 na 1973 da shi wajen 8.9, dalma zalla 11.3. Gwal mai karat 22 na ba da tsakanin 17 da 18: sisin gwal zai nuna wajen 0.45 a ruwa. In ya nuna 0.9, tagulla ce aka shafa wa ruwan gwal.

Abin da ke ɓata gwajin uku ne: kumfar iska da ta maƙale a jikin kuɗin, zare mai kauri, da rawar hannu. Jiƙa kuɗin tukuna, ka kaɗa shi a ruwan kumfar ta tashi. In hannunka na rawa, ɗaure zaren a jikin fensir, ka gitta shi kan littattafai biyu da ke gefen sikelin. Ga ƙananan kuɗi irin taro da sisi, kuskuren 0.01 na juya lissafin sosai, don haka maimaita sau uku ka ɗauki tsakiya. Da ka gama, shanya kuɗin a kan ƙyalle ya bushe sarai.

8. Karanta shekara da rubutu

Kuɗin Turawa masu huji ba su da hoton sarki, sunansa kawai da kambi. Sunan ya dace da shekara: Edward na bakwai har 1910, George na biyar daga nan zuwa 1936, George na shida har 1952, sai Elizabeth. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta a shekarar. Na gaske ne, amma an buga su da yawa, kada a ce maka guda nawa ne kacal a duniya. Ƙananan haruffa H ko KN da za ka gani a wasu alamar masana'antar da ta buga ne a Ingila.

Wani nau'in algus shi ne a ɗauki kuɗin gaske a sassaƙe lamba ɗaya ta shekara. Sa gilashi a kan lambobin huɗu: in ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi, ko filin da ke kewaye da ita ya yi rami, an taɓa.

Liyari kuwa kusan duk wanda za ka gani 1780 ne a jikinsa, shekarar da sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya ta rasu. An ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Saboda haka liyari na iya zama azurfa ta gaske kuma sabo. Saye shi a farashin azurfarsa, kada ka biya kuɗin tsufan da ba a tabbatar ba. Haka sisin gwal mai hoton mahayin doki yana sarar dodo: da yawa a kasuwa ƙirar maƙeran gwal ne na ƙasashen Larabawa, gwal ɗinsu na gaske, wani lokaci karat 21. In sadaki za a biya da shi, a tabbatar da giram da karat a gaban wakilan ɓangarorin biyu, a rubuta.

9. Duba sefa a tsaye a kasuwa

A wajen ciniki babu lokacin kofi da zare. Sefa 500, wadda mutanen Nijar ke kira dala ɗari, ita aka fi yi wa jabu. Ita ma ƙarfe kala biyu ce, zobe da ciki. Danna cikin da babban yatsa: na gaske ba ya motsi, kuma mahaɗar zobe da ciki a matse take. Wasu na jabu ƙarfe ɗaya ne aka yi wa fenti kala biyu, sai ka ga launin ya haura kan layin, ko ya goge a wuraren tudu. In sulallan da yawa ne, jera su tsaye ka dubi gefensu; baƙon ciki zai fito da kauri ko launi. Duba tambarin ma: sefar yamma da ake ci a Nijar da Benin na ɗauke da siffar kifi mai dogon baki, ta Kamaru da Chadi daban ce. Dukansu na gaske ne, amma ba a kashe ta yamma a Kamaru da Chadi, ba a kuma kashe tasu a Nijar da Benin.

10. In ka kama jabu

Kada ka ɗaga murya a rumfar mutum. Sau da yawa shi ma sayar masa aka yi. Tun kafin ciniki ka ce, "Alhaji, a yi mini izini in ɗora a sikeli." In bai yi ba, "Baba, wannan bai cika awo ba, a duba mini wani." Mai gaskiya ba ya ƙin awo. Wanda ya hana ka aunawa, ko ya ce sauri yake, bar masa kayansa. Ga kaya mai tsada, ku yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Wanda ya riga ya zama naka, kada ka tura wa wani don ka fanshe. Algus ne, addini ya hana, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mai buga jabun kuɗin ƙasa. Sa shi a ambulan ka rubuta "jabu" da manyan baƙaƙe, ya zama abin koyo. In da yawa aka kawo maka daga hannu ɗaya, sanar da shugabannin kasuwa ko hukuma.

Akwai kuma damfarar da ba ta buƙatar jabu. Za a ce maka kwabo mai huji na janyo ƙwayar shinkafa zuwa jikinsa ko yana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, wani ya kira ka a waya yana nema ido rufe, wani kuma ya ɓullo da shi na sayarwa. Bakinsu ɗaya. Kwabo mai huji an buga shi da ɗimbin yawa, kuma babu komai a cikinsa sai ƙarfe.

11. Ajiya

Kada ka wanke tsohon kuɗi da tsamiya, lemon tsami, toka ko man goge ƙarfe. Zai yi ƙyalli, amma ka cire masa fatar da shekaru suka yi masa, wadda masu saye ke dubawa, ka kuma bar ƙarcen da ba ya gyaruwa. In ƙasa ce ta kama shi, jiƙa shi a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye, ka dangwala ƙyalle a kai ba tare da gogewa ba.

Kowane kuɗi da ambulan ɗinsa, a rubuce da ƙasa, shekara, nauyi, inda ka samo da nawa ka saya. Guji leda mai laushi, domin a zafin Kano tana yin gumi ta bar kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Zuba ambulan ɗin a gwangwani mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Da damina ka riƙa buɗewa duk wata kana dubawa. In ka ga kore mai gari-gari a jikin kwabo, ware shi daga sauran nan take, ka ajiye shi shi kaɗai a wuri busasshe.